Jar Tawada a Waƙar Baba

Matameye, 15 ga Janairu

Zuwa ga maigidana, Abban Anisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya Kano, yaya aiki? Yaya ƙirjin nan naka da warin fenti? Mu nan lafiya lau. Haƙoran Anisa biyu na gaba sun fita, tana ta rufe baki in za ta yi dariya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Wayarmu ta ranar Juma'a ba ta wuce cewa lafiya lau, a gaida kowa, sai an jima. Abin da ke bakina ba zai shiga cikinta ba. Shi ya sa na ba Nasiru direba, tunda kowane mako yana bi ta Ɗan Barto zuwa Kano.

Akwai wani ruɗu da mutane da yawa suke yi, yau kuma ya tashi a taron waƙa da nake yi wa ɗalibaina ranar Laraba bayan an tashi lakwal. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, Madam, wanda ya ɗauki baitin wani ya ɗora nasa a kai, ba ɓarawo ba ne? Rabin ajin suka ce ɓarawo ne, rabi suka ce a'a, gyara ya yi wa mai waƙar. Na ce musu duk ba haka ba ne. Na je allo na nuna musu tahamisi. Ka sami baiti mai ɗango biyu na wani magabaci, ka kawo naka ɗango uku ka sa a samansa, su zama biyar. Amsa-amonka dole ya bi nasa. Kai ne kake fara magana, amma shi yake rufe ta. Na ce kamar ka je gidan dattijo ne ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, sannan ka yi shiru ya yanke zancen. Suka yi ta rubutawa a kaye, littafin rubutunsu, idanunsu na ƙyalli. Ka san ni in na ga haka, sai in manta da lokaci.

Ina cikin bayanin sai na ji muryata kamar ta wata. Na tuna da kai. Na goge allon da sauri na sallame su.

Ba ita kaɗai ce ta tayar mini da zancen ba. Ka tuna Marwan, tsohon ɗalibina da yake gyaran waya kusa da tasha? Ya ɗauki waƙar Baba ya kai ta situdiyo. Waƙar da duk Matameye ke cewa Ta Malam Sa'adu, wadda ake rerawa a zaune ba kiɗa, yanzu tana fita daga lasifikar shagonsa da ganga a ƙarƙashinta. Inda Baba ya ce keken ɗinki, shi ya ce babur. Inda Baba ya ce ya ba matafiyi saƙo, shi ya ce katin wayarsa ya ƙare. Samarin da suka taɓa zuwa cin rani suna tsayawa a ƙofar shagon suna bi. Na tsaya ni ma, kayan miya a hannuna, fuskata ta yi zafi. Ya fito da murmushi ya ce, Madam, kin ji? Na ce na ji, na wuce. Na taɓa cewa wani abu a kan irin wannan, ka fi kowa sanin abin da ya biyo baya.

Damina biyu ke nan ƙanenka ne yake noma gonarmu. Kano ba ta kai tafiyar yini ba. Ba ƙorafi nake yi ba, faɗa kawai nake.

Anisa tana gaishe ka. Ka gaida mutanen masaukinku.

Taka,
Najaha

Matameye, 12 ga Fabrairu

Abban Anisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka. Nasiru ya ce ya danƙa maka takardata hannu da hannu, ka sa a aljihu. Ranar Juma'a ba ka ambace ta ba, ni ma ban tambaya ba.

Zan rubuta abin da ban taɓa faɗa da baki ba. Ranar nan a gidan matasa, da ka tashi gaban mutane ka karanta abin da ka yi wata uku kana rubutawa, ka cire ɗango uku na sama a kowane baitin Baba ka sa naka, ka bar biyun ƙasa yadda suke. Kafin a gama tafi na miƙe na ce waƙar mahaifina ba tsohuwar riga ba ce da za a yi mata faci, kuma wanda ba shi da abin faɗa ya bar na matattu su huta. Aka yi dariya. Ka ninke takardarka ka zauna. Da rani ya kama ka tafi kamar kowace shekara, sai dai ba ka ɗauki kayenka na waƙa ba. Yana nan cikin akwatinka, ban buɗe ba.

Na girma ba uwa, ka sani. Inna Basira ta rasu ina shekara biyu, ko hotonta babu. Baba ya bi ta ina aji na ƙarshe a firamare. Abin da ya rage mini shi ne fotokofin waƙar nan, baiti talatin da ɗaya, wanda wani ɗan'uwansa ya kai Damagaram aka buga wa dangi bayan rasuwarsa. Na koyi karatun ajami sosai don ita kawai. In aka taɓa ta sai in ji kamar an taɓa kabarinsa. Ba hujja nake kawowa ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Khadija. Ba ka san ta ba, ta gama lakwal bayan tafiyarka, yanzu tana gabatar da shirin mata a rediyon gari. Ita ma ta yi nata aikin a kan waƙar, amma ta fi Marwan ladabi, ta zo gida ta nuna mini kafin kowa ya ji. Ta zubar da ɗango ukun sama gaba ɗaya, ta jera biyun ƙasa kaɗai, sannan ta ci gaba da su da nata baitoci cikin muryar mace. Na ce mata me ya sa. Ta ce in karanta wannan a hankali:

Tuwon saye nake ci, ba na ɗaka,
Mai tuwon ba ta tambayar sunanka,
Ka ƙoshi, ka ƙi ƙoshi, wannan ruwanka,
Na zo awo, hannu ya ɗebo naka,
Na mai da rabi, na zauna da kwanona.

Na ce mata na fi shekara goma ina koyar da shi. Baba yana Zariya yana ɗinki, sai ya sa kansa a matsayin matarsa da ya bari a gida, ya yi magana da bakinta. Wannan ita ce gwanintarsa. Khadija ta ce, Madam, ki yi haƙuri, amma wanda ya rubuta layi biyun nan ya taɓa tsayawa gaban tukunya. Ta ce namiji zai iya cewa matata tana kewata, amma ba zai san cewa hannu ne yake mantuwa ba.

Na yi mata bayani mai tsawo a kan yadda mawaƙi yake shiga rigar wani. Ta saurara, ta yi godiya, ta tafi. Da yamma na shiga madafa na ɗebo gari. Abban Anisa, na mutum uku na ɗebo. Kullum haka nake yi, kullum ina mai da naka, ban taɓa lura ba sai ranar.

Asalin takardun suna Tsauni wurin Goggo Shekara, yayar Baba. Ban taɓa ganinsu ba, don ba ta barin kowa ya taɓa akwatinta, ni kuma ina ganin tunda ina da fotokofi ai ina da waƙar. In an yi hutu zan je.

Allah ya tsare mana kai.

Taka,
Najaha

Matameye, 6 ga Afrilu

Abban Anisa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan kana lafiya, da fatan zafin bana bai takura muku a kan gini ba. Nan ma ana shan sa. Anisa ta yi ƙuraje a wuya amma sun bushe.

Na je Tsauni. Goggo tana nan da ranta, idon ne dai ya yi rauni, bakin kuwa yana nan yadda ka san shi. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta ce, to, 'yar lakwal, kin zo da tabarau ki koya mini waƙar ƙanena? Ta tambayi labarinka, ta ce ko Kanawa sun yi maka fenti sun manna ka a bango ne. Sai da na kwana biyu, na yi mata wanki na tsefe mata kai, sannan ta ciro mabuɗi daga wuyanta.

Takardun suna cikin gafaka, ba a ɗinke suke ba, gefensu ya yi laushi kamar tsohon zane. Na fita da su ƙarƙashin itacen bedi na buɗe ta farko.

Tawada biyu ce. A kowane baiti, ɗango uku na sama baƙi ne, biyun ƙasa ja. Na juya ta biyu, haka. Na juya ta goma, haka. Na'urar Damagaram ba ta san ja ba, duk ta mai da su baƙi, mu kuma muka yi shekara ashirin muna karanta baƙi.

Ka san abin da hakan yake nufi, ni ma na sani, ni da nake koyar da shi ranar Laraba. Mai tahamisi yakan bambanta tawada don kada a haɗa nasa da na mai asali. Waƙar Baba tahamisi ce. Na zauna da takardar a cinyata, sai Goggo ce ta ce daga bakin ƙofa, kin ga jan? Na Basira ne.

Ta ce Inna 'yar malami ce a Yauri, ta iya rubutu tun tana gidansu. In Baba ya tafi Zariya, sai ta rubuta layi biyu a 'yar takarda, ta naɗe a cikin ƙullin kuka ko daddawa, Goggo ta kai wa duk wanda zai bi hanya. Shi kuma in ya samu, sai ya kwafe da jar tawada a ƙasan shafi, ya bar fili a sama, ya yi ta juya maganar a kan keke har ya sami ukun da za su dace. In ya dawo da damina ya karanta mata. Goggo ta ce tana jin su daga ɗakinta, Inna tana cewa wannan bai hau ba, sake, shi yana cewa ke dai ba a iya miki.

Na ce, Goggo, me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba? Ta ce wa ya tambaye ta? Ta ce a wancan lokaci a ji matar aure tana aika wa miji waƙa, ai sai ta kasa zuwa rijiya. Baba ya rufa mata asiri, ya bari ana cewa tasa ce. Amma bai yarda ya rubuta nata da baƙi ba ko sau ɗaya, har akwai shekarar da jar tawadarsa ta ƙare, ya ajiye aikin wata guda.

Abban Anisa, ashe ina da maganar uwata tun ina yarinya. Na haddace ta, na rera ta, na ba yara jarrabawa a kanta. Inda waƙar ta ce randa cike ba mai sha sai ita da 'yan tsakinta, zangarniyar da ta ajiye a ɗaki, duk ita ce. Na yi kuka a ƙarƙashin bedin nan har Goggo ta ce in matsa da takardun kada in wanke mata ja.

Kai kuma, ranar nan a gidan matasa, ba ka taɓa ɗango ɗaya nata ba. Ka tsaya daidai inda Baba ya tsaya, ka amsa mata kamar yadda ya amsa. Ban san yadda kunnenka ya ji wurin ɗinkin ba, ni da nake 'yarsu ban ji ba. Abin da mahaifina ya yi shi ka yi, na tashi gaban mutane na kira shi faci.

Akwai sauran abin da na gani a ƙasan gafakar. Hannuna ba zai iya rubuta shi yau ba.

Goggo tana gaishe ka, duk da baƙar maganarta.

Taka,
Najaha

Matameye, 19 ga Yuni

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga mijinta ba. Yaya jiki, yaya aiki? Anisa ta ce ranar Juma'a ka ce ta gaya mini saƙo ya iso. Ta faɗa mini sau uku, tana ganin babban aike ne. Na gode. Na daɗe ina jiran ko akwai ƙari.

Na je shagon Marwan na ce ya kunna mini waƙarsa daga farko, na zauna a bencinsa na ji har ƙarshe. Gangar ta yi mini yawa har yanzu, na kuwa gaya masa. Amma akwai wani saurayi a gefena, bai fi kwana uku da dawowa daga Legas ba, yana bin baitin tuwon saye da ido a rufe. Bai san Malam Sa'adu ba, bai san ajami ba. Na ce wa Marwan abu ɗaya nake roƙo, ya nemi mace ta rera biyun ƙasa. Khadija ta karɓa. Na kuma tsaya gaban ɗalibaina na ce musu abin da na koya musu a kan waƙar nan kuskure ne, su ɗauko jan bik su ja layi a ƙarƙashin na Inna. Wata ta ce, Madam, ashe ke ma kina kuskure? Na ce mata wanda na yi ya fi wannan girma.

Ga abin da na kasa rubutawa. A ƙasan gafakar akwai takardu huɗu da ba a kai Damagaram ba, don Goggo ta ga ba a gama su ba. Kowace tana da layi biyu ja a ƙasa. Samansu fili ne, ba komai. Baba ya kwafe su, ya auna wurin ɗango uku ya bari, har ana ganin inda ya ɗan ɗiga alama da bakin alƙalami.

Goggo ta ce shekarar ce bai dawo da wuri ba. Ya sami ɗinkin kayan wani biki, ya ce bari ya ƙarasa. Inna ta ci gaba da aikawa, shi yana kwafewa yana ajiyewa, yana cewa in ya sami sarari zai amsa. Zazzaɓi ya kama ta bayan ruwan farko, kwana biyar. Ya iso an riga an yi sadakar uku. Ya rayu shekara goma bayan haka, Goggo ta ce ta sha ganinsa ya fito da takardun nan ya jiƙa alƙalami, ya zauna har tawadar ta bushe, ya mayar. Tun daga nan bai ƙara fita cin rani ba, bai kuma ƙara rubuta ɗango ɗaya ba.

Ban kawo maka wannan don in tsorata ka ba. Lafiyata ƙalau. Na kawo ne don na ga yadda fili yake zama in aka bar shi, kuma namu ni na fara buɗe shi da bakina. Ka yafe mini, Muntaka. Ban taɓa kiran sunanka a takarda ba, yau na kira. Na wulaƙanta ka gaban mutane a kan abin da ka fi ni ganewa, sannan na yi shekara biyu ina jiran kai ka fara magana. In ka dawo, a gidan matasan nan zan tashi in faɗi haka, gaban waɗanda suka yi dariya.

Shekaranjiya aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta jiƙu har kamu ɗaya. Jiya gari ya watse, kowa yana gona. Ƙanenka ya zo karɓar iri, na ce ya ba ni mako guda.

Goggo ta bar ni na kwafo ta ƙarshe cikin huɗun. Za ka same ta a cikin wannan ambulan, na rubuta da jan bik a ƙasan shafi:

Ruwa ya sauka, maƙwabta sun yi shuka,
Irinmu na nan ƙulle a bakin zanena.

Na Inna ne, amma ban ga abin da zan canza a ciki ba. Na bar maka wurin ɗango uku a sama, na auna da rula yadda zai ishe ka ko da rubutunka mai faɗi ne. Ka san ƙa'idar, ba sai Madam ta koya maka ba. Ka gwada. In bai hau ba zan ce ka sake, a tsakar gidanmu, ba mai ji sai Anisa.

Nasiru zai juyo ranar Alhamis. Kana iya ba shi takardar. Na dai tambaye shi, ya ce kujerar gaba ba kowa.

Taka,
Najaha